Kun Ci Tuwonsu, Kun Hana Su Adalci

A daina yi mana wasa da hankali. Babu baligin da ya tashi tsakanin Gidan Katta, Kalmalo da Illela da zai dafa Alƙur'ani ya rantse bai san 'yan daudu ba. Babu kuma mai gaskiyar da zai ce jirgin Turawa ne ya sauke mana su shekaranjiya.

Kakanninmu sun san su. Suna tasha, suna bakin kasuwa, suna gidan biki. Direban da ya lodo albasa zai yi Kudu, da ɗan kasuwar da ya tsallako daga Ƙonni ran Lahadi, da dillalin shanu a kara, kowa ya san rumfar da miya ta fi daɗi, ya kuma san hannun da ya tuƙa tuwon. Ana ci, ana neman ƙari, har bashi ana ci.

Amma ranar da aka ritsa mai wannan hannun a lungu, aka fasa masa kai, aka ƙwace cinikin yini, sai kowa ya kurmance. Iyakar abin da za ka ji shi ne, “Ai ɗan daudu na, shi yaj ja ma kainai.”

Shi ke nan, an gama shari'a. Ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara.

To jama'a, a wane littafi aka karanto wannan?

Na san abin da wasu za su fara faɗa tun ba su kai ƙarshen shafi ba: an saye shi, tallar luwaɗi yake yi. Wannan tsohuwar dabarar toshe baki ce, ta kuma tsufa. Ban zo ba da fatawa ba, ba ni da rawanin yin haka. Wanda ya ga daudanci haramun ne ya riƙe fahimtarsa, babu mai ƙwace masa. Abin da nake tambaya daban ne. Shin laifin mutum yana halatta jininsa da aljihunsa ga duk ɗan iskan da ya ga dama?

Su waye ma ake magana a kansu? Ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda tun yana rarrafe muryarsa da tafiyarsa suka karkata wajen mata, ya girma a haka, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya sauke farali, sana'arsa dai girki. Akwai masu kiran junansu ƙawa, babba a cikinsu ya zama uwar ɗaki, ya koya wa yaro suya da lissafin ciniki. Akwai kuma, musamman cikin matasan yanzu, masu cewa kai tsaye su mata ne da aka haifa a jikin maza, waɗanda jaridu ke kira masu sauya jinsi. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafi a kansu a 2009. Baƙo ya zo daga uwa duniya ya zauna ya saurare su. Mu da muke maƙwabtaka da su, sanda muka ɗauko, kuma sanda ba ta tambayar wane iri ne kai.

A 2000 Sakkwato ta bi sahun Zamfara ta ƙaddamar da shari'a. An yi kabbara, an yi murna, an ce zalunci ya ƙare. Su wa aka fara kora? Matan gidajen haya da 'yan daudun da ke dafa abinci a ƙofar gidajen. Wasu suka bazama garuruwan Nijar, wasu suka yi ƙauyukan gefen Abuja. Masu zuwa wajensu da dare fa? Suna nan daram. Sun gyara zaman hula, sun shiga sahun farko. Wanda sha'awarsa ta motsa ya san Ƙonni ba nisa, ya je ya dawo kafin asuba, da safe ya fi kowa tsine wa lalacewar zamani.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A Gwadabawa, nan kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, aka yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa a watan Oktoban 2001. Namijin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi ya tafi gida. Sai a Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta wanke ta. Tun ranar ya kamata mu gane yadda abin ke tafiya a ƙasar nan: marar gata ke ɗaukar hukunci, mai gata ya ɗauki takalminsa.

Shekara ashirin da ɗoriya, me ya canza?

A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Shekara 14 ga wanda ya ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya mara mata baya. Dama tun zamanin Jihar Arewa, sashe na 405 na kundin Final Kod ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Wato doka ba ta yi ƙaranci ba. Mai son a hukunta yana da kotu, yana da sashe, yana da alƙali.

Amma kotu suke so?

Cikin watan da aka sa wa dokar hannu, taron jama'a ya yi wa wata kotun shari'a ruwan duwatsu a Bauci, don alƙali bai yi saurin ba su jini ba. Wata guda bayan haka aka bi gida-gida a Gishiri ta Abuja ana jan mutane waje ana duka. A Afrilun 2017 aka kwashe mutum 53 a Zariya. A Disambar 2022 Hisbar Kano ta kama 19. A Oktoban 2023 jami'an Sibil Difens suka tara 76 a Gwambe. Kusan kullum labarin ɗaya ne: wai auren jinsi za a ɗaura. A jera mutane gaban kyamara, a nuna fuskokinsu, duniya ta gani, uwa ta gani a wayar maƙwabciya.

Sai kuma me? Sai shiru. Ku da kuka raba hotunan, wa ya koma ya bincika yadda shari'ar ta ƙare?

Ga wadda aka san ƙarshenta. A Agustan 2018 'yan sanda suka kama mutum 57 a wani otal a Egbeda ta Legas, aka gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya. Aka yi ta ɗage zama saboda masu gabatar da ƙara sun kasa kawo shaidunsu. A Oktoban 2020 Mai Shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar. Shekara biyu ana jan mutane. Wani ya rasa aiki, wani mai gida ya watso masa kaya waje, wani danginsa sun yafe shi. Wa ya biya su? Wa ya ko ce musu a yi haƙuri?

Ƙungiyar Human Rights Watch ta bi sawun wannan doka a rahotonta na 2016, ta tarar abin da ta fi haifarwa shi ne duka, da tsare mutane ba dalili, da tatsar kuɗi. Mu ba mu buƙaci rahoto ba. Mun san yadda ake yi. A tare yaro a shinge saboda tafiyarsa ta yi laushi. A karɓe wayarsa a hau bincike ba da takardar kotu ba. A ce ya kira wanda zai kawo kuɗi, in ba haka ba gobe unguwarsu ta ji. Ya sayar da tukunya da kasko ya fanshi kansa. Wata mai zuwa a sake tare shi, don an gane saniyar tatsa ce.

An rubuta a bangon ofishin 'yan sanda cewa beli kyauta ne. Shi ma ya iya karatu, ya gani.

Idan ɓarawo ya shiga ɗakinsa, ina zai kai ƙara? Wurin da za a bar maganar ɓarawon a koma tambayarsa dalilin lalle a hannunsa? Masu ƙwace sun san wannan sarai. Shi ya sa suke zaɓensa.

Yanzu bari mu zo kan addinin da ake fakewa da shi, don a nan munafuncin ya fi ƙauri.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani namiji mai kwaikwayon mata, ya sha lalle hannu da ƙafa. Aka ba da umarni a fitar da shi zuwa Naƙi'u, wajen Madina. Sahabbai suka nemi izinin kashe shi, Annabi ya hana, ya ce an hana shi kashe masu salla. Ku lura da abu biyu. Shugaba ne ya yanke hukuncin, ba 'yan bakin titi ba. Sannan an tsare ran mutumin. Masu wa'azin da ke karanto rabin farko na hadisin da ƙaraji, me ke shaƙe su idan sun iso rabi na biyu?

Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba irin waɗannan mutane gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙiro wa kansa ba, wannan babu zargi babu zunubi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Malamin ƙarni na bakwai bayan hijira ya tsaya ya bambance. Mai lasifikar yau ba shi da lokacin wannan, sauri yake a yanka bidiyon a ɗora.

Duk almajirin da ya sauke Muhtasar na Halilu a zauren Sakkwato ya san da mas'alar mata-maza aka rufe littafin, ana lissafa rabonsa na gado. Na san mata-maza daban, ɗan daudu daban. Amma dubi halin malaman. Sun ci karo da mutumin da bai shiga layin da aka saba ba, sai suka zauna suna ƙididdige haƙƙinsa don kada a ci masa ko ƙwayar gero. Jikokinsu kuma suna ƙididdige duwatsu.

Suratul Hujurati ta hana izgili, ta hana jifa da munanan laƙabi, ta hana mugun zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Ayoyi biyu ne a jere, ta 11 da ta 12, yaran islamiyya ma sun haddace. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga mai ƙazafi, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda ya jefi wani da luwaɗi bai kawo shaidu ba ya shiga wannan hukunci. A yi mana lissafi tsakani da Allah. Da za a tsayar da haddin ƙazafi a majalisun shayi da zaurukan WhatsApp na ƙaramar hukumar nan, bayan mutum nawa zai kwana lafiya?

Malamai suna kawo labarin Sayyadina Umar da ya haura katangar wani gida ya tarar ana saɓo. Mai gidan ya tuna masa cewa shi ma ya yi leƙen asiri, ya shigo ba ta ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Sarkin Muminai ya janye. Umar ke nan, wanda Shaiɗan ke sauya hanya idan ya hango shi. Amma yau saurayin da bai gama Ahalari ba ya ɓalle ƙofar ɗakin mutum, ya ɗauki bidiyo, ya sa a TikTok, ya ce jihadi ya yi.

Ina limamai? Huɗuba nawa aka yi kan shigar banza, huɗuba nawa aka yi kan haramcin ɗaukar doka a hannu? Shiru ɗin nan ba rashin sani ba ne. Tsoron mabiya ne. Limamin da ke jin tsoron mamu, wa ke jan wani?

Mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin ɗacin hukuncin taron jama'a. A Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa Kano yin salla. Wani ya yi ihun masu garkuwa ne, aka ƙone mutum 16. Mun yi kuka, mun yi Allah ya isa, mun ce ko da masu laifi ne ai akwai hukuma. Gaskiya muka faɗa. To wannan gaskiyar, iyakarta Uromi? Idan ihun “ɓarawo” bai halatta jinin Bahaushe a Kudu ba, ta yaya ihun “ɗan daudu” zai halatta shi a Arewa?

A Agustan 2024 aka tsinci gawar wata mai sauya jinsi da aka sani a TikTok da sunan Abuja Area Mama, a gefen titin Katampe zuwa Mabushi, tsakiyar babban birnin ƙasa. Shekararta 33. An kashe rai, an yar a bakin hanya. Ku koma ku karanta abin da mutane suka rubuta ƙarƙashin labarin. Dariya. “Saura sauran.” Masu sunayen Musulunci da na Kiristanci, ranar dai an samu haɗin kan ƙasa.

Wanda ya yi wa gawa dariya, me ya rage masa?

A cikin Agustan 2024 ɗin dai 'yan bindiga suka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan an ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi. Kafin nan, a Oktoban 2021, an buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, mutum sama da 40 suka kwanta. A Disambar shekarar aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni. Manomanmu na gabashin Sakkwato suna biyan haraji ga 'yan ta'adda kafin su girbe abin da suka shuka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen jihar nan suna cikin talauci ta fuskoki da dama, babu jihar da ta kai mu.

Duk wannan yana gabanmu, amma jarumtar wasu ba ta tashi sai sun ga mai ɗaurin zane yana soya wainar shinkafa. Ga daji can cike da masu bindiga, sun san hanya. Me ya hana su?

Haka abin yake har sama. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, aka kashe, aka kwashi fasinjoji zuwa daji. A lokacin jami'o'i suna rufe saboda yajin aiki. Cikin makon da ya biyo baya wani ɗan majalisar wakilai daga Bauci ya gabatar da ƙudurin ɗaure duk mai shigar da ba ta jinsinsa ba wata shida, ko tarar naira 500,000. Mata da yara suna hannun 'yan bindiga, majalisa tana auna tsawon zane. Irin wannan ƙuduri ba ya cin ko sisi, ba ya buƙatar gina aji ko haƙa rijiya, ga shi da saurin jawo tafi.

Kuma su waye ke neman 'yan daudu idan kamfe ya zo, a yi girkin taro, a tara mata, a cika fili da guɗa? Su waye ke aika su da saƙon da ba a iya ba direba? Kowa ya san kawalci ba ya yiwuwa sai da mai aike. An taɓa jera masu aiken gaban kyamara?

Wani zai ce ai yara muke karewa. Madalla. Duk wanda ya taɓa yaro, a kai shi kotu a yi masa hukunci mafi tsanani, ɗan daudu ne ko mai rawani. Sai dai ku tambayi ma'aikatan asibiti da masu bin shari'o'in fyaɗe su waye aka fi kawowa. Maƙwabci ne, ɗan uwa ne, mai shagon unguwa ne, wani lokacin wanda aka damƙa wa amanar karatu. Waɗannan ake rufa wa asiri, a ce a sasanta a gida kada sunan zuri'a ya ɓaci. An bar mai laifi a cikin gida, an fita waje neman wanda ya yi kama da laifi.

Iyaye kuma, ku matso. Yaro ɗan shekara goma sha uku, an ga yana son zama cikin mata, yana karya murya. Aka yi duka, bai daina ba. Aka kai shi wajen mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka ɗaure. Daga ƙarshe uba ya nuna masa ƙofa, ya ce kada ya ƙara ganinsa. Ina ake so ya nufa? Tasha zai je, don can ne kawai za a ba shi kwano da tabarma. Abin da ya same shi a can, a wuyan wa yake? Ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne, ban taɓa jin malamin da ya ce wajibcin yana faɗuwa saboda muryar yaro ta yi siriri ba. Jihar nan ma tana da dokar kare yara tun 2021.

Abin takaicin, idan yaron ya yi ƙarfi a sana'a, kuɗinsa ba ya wari. Shi ke aiko da buhun gero da damina, shi ke yi wa ƙanwa kayan ɗaki, shi ke biyan kuɗin maganin tsohuwa. A karɓa ta bayan gida. Ran suna kuma a aika masa cewa kada ya zo, akwai baƙi.

Sai asibiti. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 kashi 1.4 ne cikin 100. Binciken da hukumar yaƙi da ƙanjamau ta NACA ta jagoranta a 2020 kan rukunonin da suka fi shiga haɗari ya samu kusan kashi 29 a tsakanin masu sauya jinsi. Wannan adadi ya isa ya hana kowane kwamishinan lafiya barci. Maganin yana nan, kyauta ne, wanda ya riƙe shi da kyau har ƙwayar ta kwanta ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Amma wa zai je layin da ma'aikaciya za ta leƙo ta kira abokiyar aikinta su zo su yi kallo? Wa zai ba da sunansa a inda yake tsoron kafin la'asar labari ya kai kasuwa? Sai ya zauna a ɗaki yana shan jiƙe-jiƙe har ta kwantar da shi.

Ku da kuke cewa Allah ya ƙara, ku yi tunani kaɗan. Mai zuwa wajensa a ɓoye yana da mata biyu a gida, ɗaya da goyo. Cuta ba ta tsayawa inda ƙyamarku ta tsaya. Akwai dokar tarayya ta 2014 da ta hana nuna wa masu wannan cuta bambanci. Ma'aikacin lafiyar da ya tona asirin majiyyaci ya ci amanar aikinsa, ko wane ne majiyyacin. Ga shi tun Janairun 2025 Amurka ta tsuke bakin aljihun tallafinta, wuraren da ke duba irin waɗannan mutane cikin sirri da yawa sun rage aiki. Dama kunya ce a ce sai baƙo ya biya kafin mu duba marar lafiyarmu.

Masu fim da 'yan jarida ma ba su fita ba. Shekaru aka yi ana cin kasuwa da ɗan daudu a finafinan barkwanci, marigayi Rabilu Musa Ibro ma ya fito a haka, gidaje suka yi ta dariya. An ci kuɗin kwaikwayonsa, shi kuwa na gaskiyar ko a gefen tabarma ba a so. Gidajen rediyo da shafukan labarai kuma, da an ce an kama, sai a buga fuska da suna da unguwa tun ba a je kotu ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Edita ya san da wannan sashe sarai idan babban mutum ne EFCC ta gayyata, nan take za ka ga “ana zargin” sau biyar a sakin layi ɗaya.

Ban kuma manta da masu cewa su ne 'yan kare haƙƙi ba. Wasunsu suna aiki tsakani da Allah, suna bin ofisoshin 'yan sanda da dare suna fitar da mutane, cikin haɗarin dokar da ke iya ɗaure su shekara 10. Waɗannan a jinjina musu. Amma akwai 'yan otal. Taro a Abuja, taro a Legas, Turanci mai kauri, hoto da tuta, rahoto zuwa ga mai ba da kuɗi. Mai tuwo a tashar Illela bai san da zamansu ba, ba su ma da takarda ɗaya da zai karanta da Hausa ko da ajami. Bai roƙe su tuta ba. Lambar lauyan da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare yake nema, da ɗakin da zai fake kwana uku idan unguwa ta tashi, da jarin da zai mayar da tukunyar da aka fasa. Hayaniyarsu ta intanet ma sau da yawa shi take jawo wa duka, su suna can bayan katanga da mai gadi.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ofis a Sakkwato. Akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. Akwai ƙungiyar lauyoyi. Hukumar kare haƙƙi ta Tarayyar Afirka, a zamanta na Luwanda a 2014, ta zartar da ƙuduri mai lamba 275 da ke kiran gwamnatoci su hana cin zarafin irin waɗannan mutane, su kuma hukunta masu yi. 'Yan Afirka ne suka zauna suka rubuta, kada wani ya ce mana daga Landan aka aiko.

Tsarin mulki, sashe na 33 da na 34, ya ba kowane mutum haƙƙin rai da mutunci. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta hana jami'i dukan wanda ke hannunsa. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane ta jihar nan a 2021. Ko ɗaya cikinsu ba ta ce “ban da ɗan daudu” ba. Jami'an da ke karɓar albashi don aiwatar da su ne suka ƙara wannan da bakinsu.

Saboda haka ga abin da muke son gani, daga Gidan Katta har hedikwatar ƙaramar hukuma. Hakimi da masu unguwanni su tara matasa su faɗa musu da baki ɗaya cewa duk wanda ya ɗaga wa wani sanda, ko wane ne wanin, shi za a miƙa wa hukuma. Shugabannin tasha su daina kawar da kai idan ana cin zalin mai rumfar da ke biyan su kuɗin wuri duk mako. Mai kula da asibiti ya ja wa ma'aikatansa kunne kan sirrin marasa lafiya.

'Yan sanda kuma su buɗe rajista. Idan akwai ƙarar da ɗan daudu ya taɓa kawowa a kan wanda ya doke shi ko ya ƙwace masa kuɗi, aka karɓa, aka rubuta, aka kai wanda ya yi dukan gaban alƙali, a fito mana da lambar ƙarar da sunan kotun.